Allo Ya Ce Lafiya Lau

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ta ji labarin takardar, kuma a bakin sakatariya ta ji shi, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba. Wai an rubuta wa Mama Sito takardar sallama, tana nan cikin aljihun teburin Manaja, ranar Juma'a za a miƙa mata. Wai kuma an maƙala rahoton Injiniya a bayanta a matsayin hujja.

"Wane rahoton nawa?"

"Na allonki mana, wanda ya ce kwamfutarta lafiyarta ƙalau." Sakatariya ta ci gaba da jera takardunta. "Tunda ba kwamfuta ba ce, ai kin ga sai mai kwamfutar."

Injiniya ta koma ɗakinta ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. A takarda ba injiniya ba ce. Amma a kamfanin jigilar kaya, duk wanda ya iya hana firinta cin takarda ya zama injiniya, kuma sunan ya bi ta tun ranar da ta fara aiki, wata huɗu ke nan. Saura wata biyu a tabbatar da ita ko a ce ta kama gabanta.

Gab da zuwanta kamfanin ya kwashe manyan kwamfutocin da ke ƙarƙashin tebura ya koma haya. Kwamfutocin yanzu suna can wata cibiya mai nisa da babu wanda ya taɓa gani, masu bayar da hayar suna kiran wurin gajimare. Abin da ya rage a teburin kowa sai allo da kibod da wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba. Ka danna harafi a nan, ya tafi can, ya dawo ya fito a gabanka. Idan hanya lafiya take, ba ka ma sanin ya yi tafiya. Idan hanya ta lalace, sai ka danna ka zauna kana jiran abinka kamar wanda ya aiki yaro mai wasa a hanya.

An ɗauke ta ne don ta sa wa waɗannan kwamfutoci ido. Ta dasa 'yar manhaja a cikin kowace, su arba'in da ɗaya, tana auna mata daɗewar shiga da safe, da cikar ƙwaƙwalwa, da jinkirin da ke tsakanin danna harafi da fitowarsa. Da farko da hannunta ta sa iyaka, ta matse ta sosai saboda zumuɗin sabon ma'aikaci. Sai wayarta ta zama abin tsoro. Saƙon gargaɗi ɗari biyu a wuni, a kan abin da bai kai ya kawo ba, tana wanka wayar na kuka, tana cin abinci wayar na kuka. Manaja ma ya gaji, ya ce shi ba ya son lambobi, a ba shi kore ko ja a allon bango, shi ke nan.

To manhajar tana da wani maɓalli na koyo. Idan aka kunna shi, sai ta yi mako guda tana kallon kowace kwamfuta awa bayan awa, ta ɗauki abin da ta gani a matsayin lafiyar wannan kwamfutar, ba za ta sake yin ƙara ba sai an kauce daga nan. Injiniya ta kunna, mako ya cika, waya ta yi tsit, allon bango ya yi kore shar. Har yabo ta sha a taron Litinin.

Ita kuwa Mama Sito shekara ashirin da biyu ke nan tana shigar da takardun kaya. Ɗakinta yana can ƙetaren fili, a kusurwar sito, shi ya sa ake kiranta haka. Daga ƙarfe ɗaya zuwa shida take aiki, kuma babu motar da za ta fita ƙofa sai ta buga mata takarda. Tun da aka koma gajimare motoci suka fara makara, yau awa ɗaya, gobe biyu. Mama ta ce kwamfutar ce ke jan ƙafa. Amma Dogo, mai aikin safe, a kan wannan kujerar yake zama, wannan kibod ɗin yake dannawa, ya ce shi bai ga komai ba. Da Manaja ya nemi rahoto, Injiniya ta buga shafi ɗaya, kore daga sama har ƙasa, ta sa hannu. Ko minti biyar bai ɗauke ta ba, kuma ba ta tambayi abin da za a yi da shi ba.

Wunin Larabar nan ba ta tsinana komai ba. Ta buɗe allon ta duba layin Mama, kore. Ta rufe, ta je ta haɗa shayi, ta manta da shi a kan taga, ta dawo ta sake buɗewa, kore. Ta gaya wa kanta cewa na'ura ba ta da son zuciya, kuma mutum yana tsufa, ba laifin kowa ba ne. Ta faɗi haka ya fi sau goma. Abin da ke cin ta shi ne wata uku ke nan ba ta taka sito ba. Me zai kai ta? Ai sito yana cikin allo, ɗan murabba'i na ƙarshe a layin ƙasa.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara ta tsallaka filin. Babu kowa a cikinsa sai maigadi da tsintsiyarsa, don motoci ba sa shigowa lodi sai bayan azahar. Ta tarar da Dogo ya miƙe ƙafafu har waje, yana buga takardun kayan da suka iso.

"A'a, yau Injiniya ce a ƙasar talakawa? Allah ya sa ba korarmu aka zo yi ba."

"Matsa min in gwada abin nan."

Ta danna, haruffa suka fito kafin ta ɗaga yatsa. Ta buɗe fayil, ta rufe, ta ja shafi sama da ƙasa. Babu inda ya tsaya.

"Kin gani ko? Ni wallahi tausayin Mama nake ji," in ji Dogo, ya rage murya. "Ita ta koya min aikin nan. Amma an tambaye ni, me zan ce? In yi ƙarya?"

Ta fito da sauƙi a ranta, kafin ta kai tsakiyar fili kuma kunyar sauƙin ta kama ta. Murna take yi don an tabbatar wata ta tsufa. Ta hau bene, ta zauna, ta amsa kiran wani da ya manta lambar sirrinsa, ta canja wa sakatariya tawadar firinta. Ƙarfe biyu da rabi ta ga kanta tana sake saukowa, ba tare da ta yanke shawarar hakan ba.

Filin ya zama wani wuri daban. Tireloli bakwai sun jeru gindi da gindi, an loda musu kaya har sun fi rufin sito tsawo, an ja tamfol an ɗaure. Masu lodi na kai da kawowa, direbobi sun yi dandazo a bakin tagar Mama, kowa da takardarsa a hannu yana fifita da ita. Wani can yana danna ham ba don komai ba, sai don a san yana nan.

Mama tana zaune a kan 'yar matashiyar da take ɗorawa a kujera, tabarau a ƙarshen hanci, ƙaramar fanka na hura mata wuya. Ta ɗago ta ga Injiniya, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

"'Yata, ke ce? Shigo, sai dai babu wurin zama."

"Ina wuni, Mama. Na zo in ga yadda kwamfutar take yi ne."

"Kwamfuta lafiyarta lau, ai an auna. Ni ce dai." Ta faɗi haka ba da gatse ba, kamar mai ba da labarin ciwon gwiwa. "Da ina musu. Yanzu na bari."

Injiniya ta tsaya a bayanta tana kallo. Mama ta danna lamba uku, ta tsaya, ta ɗaga kai, ta jira. Lambobin suka fito a tare. Ta danna wasu, ɗaya ta fito sau biyu, ta goge, gogewar ta makara, ta sake dannawa, sai ta cinye lambobi biyu masu kyau. Ta ja numfashi ta faro layin daga farko. A bakin taga wani direba ya ce, "Mama, don Allah, kaya na jira," ta ce, "Yi haƙuri, ɗana," ba ta ko waiwaya ba.

"Mama, ɗan ba ni kujerar."

Ta zauna ta rubuta sunan kamfanin, abin da yatsunta suka haddace. Ta gama rubutawa tsaf allon bai nuna komai ba, sannan kalmomin suka zubo gaba ɗaya. Ta sake, haka. Ta zaro wayarta ta buɗe allon sa ido, ga murabba'in sito nan kore shar, a daidai wannan minti, a kan wannan kujera.

Sai ta yi abin da rabonta da shi tun ranar da Manaja ya ce ba ya son lambobi, ta danna murabba'in ta shiga cikinsa. A ofisoshin sama jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, arba'in cikin dubu na sakan. A nan kuwa dubu ɗaya da ɗari takwas, kusan sakan biyu a kan kowane harafi. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe, manhajar ta rubuta abin da ta koya a matsayin lafiyar wannan kwamfuta da ƙarfe uku na rana: dubu ɗaya da ɗari bakwai.

Ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba. A makon da ta kunna koyo, layin sito ya riga ya lalace da rana. Manhajar ta zo ta tarar da marar lafiya a kwance, ta ɗauka haka Allah ya yi shi. Kuma ita ce ta kunna, don wayarta ta yi shiru ta samu ta ci abinci cikin kwanciyar hankali, ba ta duba ko ɗaya daga cikin lambobin da aka koya ba.

"Lafiya, 'yata? Kin yi wani iri."

"Ina zuwa, Mama."

Ta fita fili tana kallon sama kamar mai neman wata. Sito ba shi da waya a ƙasa, da eriya biyu yake samun layi, ɗaya a kan rufin ofis, ɗaya a jikin bangon sito, suna kallon juna. Da safe babu komai a tsakaninsu sai iska. Yanzu kuwa ga tirela mai jan kai ta tsaya daidai a tsakiya, kayanta sun tokare hanya kamar katanga.

Ta nemo direbanta, wani mai tumbi da tawul a wuya, yana shan ruwa a inuwar tayarsa.

"Malam direba, don Allah ka ɗan ja motarka gaba, kamar tsawon mota ɗaya."

"In ja ta ina? In bar layi wani ya shige? Tun azahar nake nan."

"Minti biyar kawai. Ni zan tsaya a wurin."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke za ki tsare wa tirela wuri? Ke da ko buhu ɗaya ba ki kai ba."

"In ka ja, takardarka za ta fita kafin ta kowa."

Wannan ce maganar da ta shiga kunnensa. Ya tayar da mota da hayaƙi da mita, ya ja gaba. Injiniya na tsaye a cikin hayaƙin, idonta a kan waya. Dubu ɗaya da ɗari takwas, ɗari tara, ɗari biyu, sittin. Daga cikin ɗaki ta jiyo ƙarar kibod ta canja, ta zama kamar ruwan sama a kan kwano, kafin ta kai taga firinta ta turo takardar mai tawul. Ba a yi minti goma ba wata tirelar ta gyara tsayuwa ta cike gurbin, lambar ta koma inda take.

Ta haye bene da gudu-gudu, sakatariya ta ce Manaja ya fita, sai gobe da safe. Ta sauko, ta kai rabin fili za ta gaya wa Mama, ta tsaya. Me za ta ce mata, alhali takardar tana nan a aljihun tebur? Ta koma sama. Ta kashe koyo, ta sa iyaka da hannunta, ta umarci manhajar ta sake fenta wata ukun da suka wuce da sabon ma'auni. Layin sito ya fito kore kowace safiya, ja wur kowace rana daga biyu zuwa shida, babu fashi sai ranakun hutu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe kamar mai rufe abin kunya.

A gida ta tarar da maigidanta a kan keken ɗinki a falo, tef a wuya, 'yarsu na kwance a ƙasa tana aikin makaranta a cikin ƙyallaye. Ta ɗora tukunya, ta dawo ta tsaya a kansa, ta koma ta duba tukunyar da ko zafi ba ta yi ba, ta sake dawowa.

"Madam, kina tare min haske. Ko dai ki zauna ko ki faɗi abin da ke cikinki."

Ta faɗa masa duka, tana tafiya daga ƙofa zuwa taga. Ya saurara yana zare zare daga bakin wando.

"To ai kin gano. Mota ce ta tare eriya. Ki gaya masa haka, a bar baiwar Allah da aikinta."

"Zai ce to me ya sa allo ya nuna kore."

"Sai ki ce manhajar ce ta yi shirme. Ai ita ba ta da miji ba ta da 'ya, ba kuma wata biyu ya rage mata ba."

"Haka kake yi wa masu kayanka? In ka yanka ba daidai ba ka ce almakashi ne?"

"Ni cewa nake yadin ne ya shige da aka wanke," ya ce yana dariya. Da ya ga ba ta yi dariyar ba ya ajiye wandon. "Wasa nake. Me ya kawo faɗa?"

Faɗan ba da shi take yi ba. Haushinta shi ne tun a mota take juya wannan maganar a ranta, har ta tsara yadda za ta jera ta, sai ga shi ya faɗe ta a fili ta ji yadda take wari. Kuma maganar za ta shige, don Manaja bai san maɓallin koyo ba balle wanda ya kunna shi. 'Yarsu ta ɗago ta ce, "Umma, shinkafarki na kamawa," ta ruga kicin.

Ranar Juma'a ta riga sakatariya zuwa. Ta jira Manaja a tsaye, ya shigo da waya a kunne, ya nuna mata kujera, ba ta zauna ba. Da ya gama ta ajiye kwamfutar hannunta a gabansa, jan layin na kallonsa.

"Ranka ya daɗe, wannan kwamfutar sito ce, wata uku. Tireloli ne ke tare eriya da rana. Shi ya sa Dogo bai ga komai ba, shi da safe yake."

Ya sa tabarau, ya duba, ya ɗago ya dubi allon bango, inda yanzu babu ja tunda safiya ce. "To wancan rahoton fa? Kore kika kawo min."

"Manhajar ce ta..." Ta ji maganar ta taho sumul, kamar an shafa mata mai. Ta haɗiye ta. "Ni ce, ranka ya daɗe. Na sa ta koyi ma'auni a makon da layin ya riga ya lalace, ban duba abin da ta koya ba. Da ka nemi rahoto ma ban sauka na gani da idona ba. Launi na buga na sa hannu."

Manaja ya cire tabarau ya ajiye a hankali. Ba mugu ba ne, mutum ne da ke son abu ya zo masa a shafi ɗaya, kuma ba ya yafe wa wanda ya sa shi komawa baya.

"Kin san na riga na gaya wa mai kamfani? Na ce masa mun auna da na'ura. Yanzu in koma in ce masa me? Na'urar tamu ba ta san ciwo ba?"

"Ka ce masa wadda ta saita ta ce ta yi kuskure."

"Ai haka zan ce, kada ki damu." Ya ja aljihun tebur ya fito da ambulan, ya zare takardar, ya ɓalle rahotonta daga baya ya tura mata. "Riƙe abinki. Batun tabbatar da ke kuma, ki manta da wata biyu. Sai mun ga ƙarshen shekara, in mun gani." Takardar sallamar ya ninke ta biyu ya jefa a kwando. "Eriyar fa?"

"A ɗaga ta sama da mita uku, ko a ja waya ta ƙasa. Kafin nan na roƙi maigadi ya hana tsayawa a tsakiya."

"Je ki yi. Mama kuma ke za ki gaya mata, ba ni ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Ƙarfe ɗaya saura Mama ta shigo fili da babbar jaka wadda babu komai a ciki. Ashe labarin takardar ya kai mata, dama sakatariya ba ta ware kowa. Injiniya ta bi ta ɗaki ta tarar har ta cire fanka daga soket tana naɗe wayarta, matashiya da kofi suna cikin jaka.

"Mama, ki dakata. Babu takarda, an janye."

Mama ta tsaya da fanka a hannu. Injiniya ta buɗe kwamfuta a kan tebur ta nuna mata, ta yi bayanin eriya da tireloli da makon koyo. Ta faɗi nata laifin ba ta rage komai ba. Mama ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta bi jan layin da yatsa tun daga watan farko, rana bayan rana, kamar mai duba sunanta a jeri.

"Wannan duk ni ce a zaune a nan?"

"Ke ce, Mama. Duk wanda aka ɗora a kujerar nan da rana haka zai yi. Ni ma na gwada jiya."

Mama ta zauna a kan kujerar da babu matashiya. A waje motar farko tana shigowa da baya, maigadi na daka wa direbanta tsawa ya matsa gefe.

"Sau biyu babbar 'yata tana kai ni asibiti," ta ce. "An duba ido, an duba kai, an ce in zana agogo a takarda kamar 'yar firamare. Likita ya ce bai ga komai ba, yaran suka ce ai ciwon mantuwa farkonsa ba a gani. Ɗana ya karɓe makullin motata. Matarsa ta daina bar min jariri in za ta fita, sai ta ce wai kada ya gajiyar da ni." Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. "Ni ma na yarda. Gas sai na duba shi sau uku. In na manta inda na ajiye carbi sai in zauna in yi kuka, in ce ga shi nan ya fara. Wata uku ina tsoron kaina."

"Mama, ki yafe min."

"Na gaya muku. Sau nawa na hau benen nan da gwiwar nan na ce abin nan yana ja? Kowa sai ya waiwaya ya dubi bango." Ba ta ɗaga murya ba. "Raina ya ɓaci, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Yafiya kuma ki bari sai na huce, kada in ba ki ta baki."

Injiniya ta sunkuyar da kai. Ta so a ce zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Mama ta jawo jaka, ta fito da matashiya, ta miƙe ta ɗora ta a kujera ta koma ta zauna. Ta mayar da kofi wurinsa. Sannan ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Buga min wannan a takarda. Guda uku, kowane yaro da tasa."

Injiniya ta tura, firintar sito ta yi gurnani ta turo shafi uku. Sai dai firintar takardun kaya ce, baƙi kawai ta sani. Kore ya fito toka-toka, ja ma ya fito toka-toka, da ƙyar ake bambanta su.

"Bari in hau sama in bugo miki mai launi."

"Bar shi. Na gaji da abin da ake kawo min daga sama."

Ta ja aljihun tebur ta ɗauko jan biron da take soke takardun da suka lalace, ta shimfiɗa shafin farko, ta dafe shi da hannun hagu. Wani direba ya leƙo ta taga da takardarsa ya ce, "Mama, mun iso fa."

"Ka jira," ta ce.

Ta fara daga ranar farko, tana cike kowane murabba'in lokacin aikinta da ja a hankali, ba ta fita layi ba ko sau ɗaya. Injiniya na tsaye a gefe da hannuwa a baya, tana ƙirga ranakun da suka rage a shafin.